Libarbar Tatay Insoy

Litinin, 4 ga wata, da safe

Auna libarbar Tatay, a jiƙa fata.

Noy Winsi, yayan matata Nila, shi ya kawo ta shago a cikin buhun gawayi. Surukina Insoy, da muke kira Tatay, wato baba, ya gama ta ranar Asabar. Ita ce aikinsa na farko tun da 'yan sanda suka hau tudu bara suka kwashe kayan aikin maƙeran bindiga. Mai sayen wani mutumin tsibirin Negros ne da ke kula da gonar rake, zai zo Lahadin ƙarshen wata. Nawa aikin kube ne kawai, tunda ni kaɗai ke da keken ɗinkin da ke cin fata a wannan layin.

Winsi, da ke kirana Bayaw, wato mijin ƙanwa, ya ce, "Bayaw, kube aka ce ka ɗinka, ba rigar coci ba. Kada ka sa mata aljihu da maɓalli."

Na yi dariya don ya tafi. Bindigar ta yi kyau, baƙa wuluk, ƙotarta sumul. Tatay ya buga ɗan gicciyensa a jikin ganga, wato abin da ke juyawa mai gidajen harsashi shida, kusa da gidan harsashi na farko, yadda ya saba.

Litinin, da yamma

Da nake danna ta cikin jiƙaƙƙiyar fata, na ji gangar ta motsa a ƙarƙashin yatsana. Kaɗan ne. Wataƙila haka duk suke yi. Ni mai gyaran keken ɗinki ne, ba maƙeri ba.

Talata, 5 ga wata, tsakar rana

Na rufe ƙofar shago na ce wa maƙwabta kaina ke ciwo. Na tabbatar babu harsashi, na juya gangar gida bayan gida, ina zura takardar taba tsakaninta da bututu. A gida biyar takardar na shiga da ƙyar. A na huɗu daga gicciye ta shige ta fito kamar ba komai, har reza ta shiga. Na haska tocila na leƙa ta baki. A sauran gidajen ramin ganga da na bututu sun haɗu sun zama rami ɗaya. A na huɗu ina ganin gefen ƙarfe siriri, kamar jinjirin wata.

Idan allura ta kauce wa raminta a keke, ta bugi farantin ƙarfe ta karye, guntun ya yi tsalle. Wannan na sani. Abin da harsashi ke yi idan ya bugi gefen bututu ban taɓa gani ba, ji kawai nake yi.

Na sa alama da allin tela. Na goge, na sake gwadawa ba tare da na duba gicciye ba. Gida na huɗu ne dai.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Na sake gwadawa. Yau kamar ratar ta ragu. Wataƙila idona ne.

Lahadi, 10 ga wata, da yamma

Bayan coci mun hau tudu cin abinci gidan Tatay, kamar kowace Lahadi. Tsakin masara, miyar zogale da busasshen kifi. Tatay yana cikin nishaɗi, ya ce mutumin Negros ya aiko cewa idan wannan ta yi masa zai sa a ƙera wa duk masu gadinsa irinta.

"Dong, ya ka ga 'yar tawa?" ya tambaye ni, yana nufin bindigar. Dong yake kirana, wato yaro.

Na ce, "Ta yi kyau, Tatay."

"Kyau! Ji shi, kamar yana yabon labule. Ka juya gangar? Ka ji yadda take kullewa?"

Na ce na ji. Winsi bai ɗago daga kwanonsa ba.

Wani abu ya faru a teburin da aka kawo tuba, giyar kwakwa. Ba zan rubuta ba, ba girmana ba ne.

Litinin, 11 ga wata, da hantsi

Jiya da Tatay ya zuba giyar a gefen kofi, Nila ta goge teburin kafin kowa ya buɗe baki, ta matsa kofin zuwa ƙarƙashin bakin tulu kamar tana gyara zaman kwanuka. Hannunta ya saba da yin haka. Tun yaushe?

Laraba, 13 ga wata, bayan cin rana

Na ci abinci a rumfar Nang Koring. Marigayi mijinta maƙeri ne, yatsu biyu suka rage masa a hannun dama har ya mutu. Na bari sai da mutane suka ragu sannan na tambaye ta, kamar hira, yadda abin ya faru.

"Kai, Santoy, me ya kai tela ga wannan magana? Allura ta soke ka ne kake neman abokin kuka?"

Na ce tambaya ce kawai.

"Ranar miƙa aiki ne, a gaban mai saye. Harsashi uku sun tashi lafiya, na huɗun ya tashi ta gefe. Ni na tsince abin da ya saura a cikin ciyawa, na zuba a gwangwanin madara." Ta ƙara min miya ban roƙa ba. "Amma ka san me? Bayan ya warke aiki ya fi zuwar masa. Mutane suka ce ga wanda ya tsaya a bayan aikinsa. Sakarkarun banza, su da shi."

Sai ta dube ni da kyau ta ce, "Ya jikin Insoy?"

Na ce lafiyarsa lau. Ta ce to madalla. Ban ce mata ba shi da lafiya ba, me ya sa ta tambaya? Ko duk kasuwa an sani, ni kaɗai aka bari?

Na huɗun, in ji ta. Wannan ba hujja ba ce. Na san ba hujja ba ce.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Winsi ya tsaya da babur a ƙofar shago yana jiran fasinja. Na fita na ba shi taba, na tambaye shi wa ya huda gangar.

"Wa kuwa? Tatay."

"Shi kaɗai?"

"Bayaw, ka taɓa ganin ya bar wani ya taɓa masa ganga? Ni da nake ɗansa, shekara nawa ina riƙe masa fitila. Magagari kawai yake ba ni in goge ƙota." Ya busa hayaƙi. "Me ya faru?"

Na ce ba komai, aikin ne ya burge ni.

"To ka ɗinka kubenka," ya ce. Ya samu fasinja, wata mata da kaji biyu, ya tafi bai ƙarasa tabar ba.

Asabar, 16 ga wata, da safe

A da, idan za a yi kube, zanen bindigar ake kawo min a jikin kwali. Ba a taɓa kawo min ita kanta ba, hatsarin hanya ya yi yawa. Wannan karon Winsi ya ɗauko ta da kansa, ya bi ta gaban shingen 'yan sanda, ya ajiye ta a hannun mutumin da kowa ke yi wa tsiya cewa ko wando zai saya sai ya auna shi sau uku. Don me?

Ko dai ya gani, ba zai iya faɗa wa ubansa ba, ya kawo wa suruki ya faɗa. Idan abin ya ɓaci ni bare ne.

Ko kuma kwali ne ya ƙare musu. Ina yawan zargin mutane, Nila ta sha faɗa min.

Lahadi, 17 ga wata

Ban hau tudu ba. Na ce cikina.

Talata, 19 ga wata, bayan faɗuwar rana

Na gaya wa Nila. Tana cire ƙayar kifi, na zauna kusa da ita na bayyana mata komai a hankali, takarda da reza da tocila. Ba ta daina aikinta ba.

Na ce mata, da sunan da nake kiranta a gida, "Day, abu ɗaya nake roƙo. Kafin ranar, a ɗaure ta a jikin bishiyar kwakwa a bayan gida, a ja kunamar da igiya daga nesa. Ba wanda zai gani."

Ta ajiye wuƙar.

"Igiya? Tatay?"

"Sau ɗaya kawai."

"Santoy, a garin nan aka haife ka ko daga jirgi ka sauko? Maƙeri shi ke harba aikinsa da hannunsa, gida shida, mai saye na tsaye. Wanda ya ɗaura igiya ko adda ba a ƙara ba shi ya wasa. Shekara hamsin bai taɓa ɗaurawa ba, sai yanzu mijin 'yarsa mai ɗinka labule zai ce ya ɗaura?"

"Ba wanda zai gani, na ce."

"Shi zai gani!"

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce da wane idon. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar kifin a buɗe, kyanwa ta ɗauki ɗaya.

Laraba, 20 ga wata, da safe

An ajiye min kofi a tebur, ba magana.

Alhamis, 21 ga wata, tsakar rana

Na zauna na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. In kai wa wani maƙeri ya duba, kafin rana ta faɗi duk tudu ya ji cewa surukin Insoy na yawo da aikin Insoy yana neman aibi. In gwada da kaina a ɓoye, ba ni da harsashi, kuma duk wanda zan saya a wurinsa abokin Winsi ne. Ko na samu, bindigar da aka harba ba ta ɓuya, Tatay da hanci zai gane. In ta tashi lafiya sau ɗaya ma, me hakan ya nuna? Na biyun fa?

Kube ya gamu tun shekaranjiya. Na farke ɗinkin madauri na ce bai yi ba.

Na sake gwadawa da sabuwar reza. Ta shiga. Ni mai gyaran keke ne.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Na ɗauki bindigar da kuben na hau tudu, da niyyar in faɗa masa baki da baki. A hanya na shirya maganar, har da inda zan tsaya in ba shi haƙuri.

Na same shi a rumfar aiki yana zaune, ba abin da yake yi. Ya ji tafiyata ya ce, "Winsi?" Ina gabansa, rana tsaka.

"Ni ne, Tatay, Santoy. Na kawo ku gwada kube."

Ya karɓe ta bai kalle ta ba, fuskarsa na wajen gonar ayaba. Yatsunsa suka bi ta ko'ina. Ya juya gangar kusa da kunnensa, gida bayan gida. Na ƙura masa ido in ga inda zai tsaya. Kamar ya ɗan jima a wani wuri, amma ban iya ƙirgawa daga inda nake ba.

"Ka san abin da suke faɗa a ƙasa, Dong? Wai Insoy ya gama. Wai 'yan sanda sun tafi da injinsa, Allah ya tafi da sauran." Ya yi dariya. "Ranar Lahadi na gayyace su duka. Nang Koring za ta dafa akuya. Su zo su tsaya kusa, su toshe kunne."

Na ce, "Tatay, gangar..."

"Me ta yi?"

Ya juyo da fuskarsa wajena yana jira. Mutumin da ya ba ni 'yarsa lokacin ba ni da komai sai akwatin sukundireba.

Na ce, "Tana ɗan kama bakin kuben. Zan koma da ita in sassauta."

Ya miƙo min ita. Ya daɗe bai sake ta ba bayan na kama, ko kuwa ni na ga haka.

Litinin, 25 ga wata

Matsoraci.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Nila ta yi magana yau. Ta ce gishiri ya ƙare. Tana kwana da carbinta a hannu, jiya na ga ta kunna kyandir biyu a gaban mutum-mutumin Santo Ninyo inda take addu'a, ba ɗaya ba. Idan ta yarda da aikin ubanta, na biyun na mene ne?

Alhamis, 28 ga wata, da yamma

Winsi ya leƙo ya ce jibi da safe zai zo ya ɗauka, ko kube ya gamu ko bai gamu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin babur.

"Bayaw, ka tabbata ba abin da kake so ka gaya min?"

Na ce, "Kai fa, Noy?"

Ya ce, "Ni direban babur ne." Ya tafi.

Kowa ya samu sana'ar da zai ɓuya a bayanta.

Juma'a, 29 ga wata, da hantsi

Akwai keken wata mata 'yar tsibirin Camotes da na gyara, zan kai wa jirgin ruwan safe. Sukuru ɗaya ne ke riƙe da gangar bindigar, sukundireban keke ya yi masa daidai. Na cire ta na sa a aljihun riga. Na miƙa keken ga yaran jirgi, na tsaya a ƙarshen gadar tashar har jirgin ya juya, inda ruwan yake kore mai duhu.

Da na jefa gangar, ba ta yi ƙara sosai ba.

Na dawo na buɗe shago, na gyara zif biyu. Sai a karo na uku na iya zura zare.

Asabar, 30 ga wata, tsakar rana

Na gaya wa Winsi cewa na cire gangar in shafa mata mai, na manta da ita a aljihu, na sunkuya a tasha ta faɗa ruwa.

Ya yi ihu har masu kifi suka taru. Ya kira ni jaki, ya kira ni ɗan allura, ya ce da ma tun ranar ɗaurin aure ya san ƙanwarsa ta auri labule. Ya shuri kujerar kwastoma ta karye. Bai ambaci sunan abin da ya ɓace ba ko sau ɗaya, saboda jama'a, amma kowa ya gane. Na tsaya na sunkuyar da kai.

Abin da na lura, bai tambaye ni daidai ina ta faɗa ba. Yana da abokai masu nutso da ke ciro tsabar kuɗi daga ƙasan tashar nan. Bai tambaya ba.

Nila ta haɗa kaya a jaka ta bi shi tudu. Ta ce Tatay zai buƙaci wani kusa. Da za ta hau babur ta gyara min wuyan riga, ba ta dube ni ba.

Lahadi, 31 ga wata, da yamma

Na je cocin farko na zauna a baya. An ce mutumin Negros ya zo, aka nuna masa bindiga ba ganga, ya ce shi ba zai sake ƙetare teku don wasan yara ba, ya sauka ya sayi ta wani. An riga an yanka akuya, sai aka ci. Nang Koring ta aiko min da nawa a kwano, ta ce wa ɗan aiken ya gaya min a kasuwa yanzu sunana Aljihu.

Ba a ji harbi daga tudu ba yau. Na zauna a ƙofa ina saurare duk da haka.

Idan lafiyarta ƙalau fa? Idan reza tana shiga kowace libarba a duniya?

Litinin, 1 ga wata, da yamma

Tatay ya zo shago. Bai taɓa zuwa ba. Wani mai babur ya sauke shi, ba Winsi ba, ya lalubo bakin ƙofa ya shigo. Na ba shi kujerata tunda ɗayar ta karye. Na tsaya.

Ya daɗe yana shafa kan keken da ke gabansa. Ya juya hannun keken, ya saurari tafiyar allura.

"Wannan naka ne?"

"Na kwastoma ne, Tatay. Na gama shi jiya."

"Yana tafiya daidai." Ya cire hannunsa. "Dong, aljihun rigarka yana da maɓalli. Duk rigunanka suna da shi, Nila ta sha yi maka tsiya a gabana."

Na taɓa maɓallin aljihuna.

"Wane gida ne?"

Na ce, "Na huɗu daga gicciye."

"Na huɗu," ya ce. Wata mota ta wuce. "Ni na biyar nake tsoro."

Na ce, "Da kun harba, Tatay?"

"Da na harba mana. Me kake so in yi, in ɗaure ta a kwakwa kamar akuya?" Ya dafa tebur ya tashi. "Ka zubar min da aikin wata biyu a teku, kuma ba zan gode maka ba. Kada ka zo cin abinci wannan Lahadin, Winsi zai ci gaba da fushi har mutane su gaji da kallo. Ta gaba ka zo."

Na riƙe masa hannu zuwa bakin titi. Hannun dama ne, da ɗumi, da kanta. Bai ƙwace ba sai da muka zo inda mutane za su gani.

Na biyar na gwada shi ya fi sau goma, takarda da ƙyar take shiga. Ko ni na ƙirga daga hagu shi daga dama, amma ko haka ne lissafin bai fita ba. Ɗayanmu ya yi kuskure, ko mu duka, kuma ba mai sake aunawa.

Gobe:

Kai kujera wurin kafinta.
Sayo gishiri.
Keken Nang Koring, allurarsa na tsallake.
Tambayi Fadan cocinmu sunan likitan ido na birnin Cebu da kuɗin mota. Kada Winsi ya ji tukuna.
Wa zai gaya wa Tatay zancen likita, ni ko Nila?
Aika wa Nila takalminta na coci, ko in bari ta zo ta ɗauka.
Kuben. Ban san inda zan ajiye shi ba.